Tsawon kara ba lafiyar tumatur ba ne

Ranar Asabar na leƙa gonar ɗan ƙanena a Kadawa, na tarar ya yi renon tumatur a gindin mangwaro. Irin ya fito cunkus, kowane tsiro siriri, dogo, ganyensa fari-fari. Yana ta ɗaukar su hoto da waya. "Baffa, kalli tsawo, ko sati uku ba su yi ba!" Gabana ya faɗi, don da bakina na taɓa faɗin wannan magana.

Shekarar da na fara noman rani na kaina, da kuɗin bashi na sayi irin tumatur da ake kira UC82B. Tsoron kada ya ƙi tsirowa ya sa na zuba shi da yawa a bedi ɗaya, tsoron rana kuma ya sa na kai shi inuwar darbejiya. Da ya miƙe sai na ƙara masa takin yuriya don murna. Ranar dashe, kafin la'asar rabinsa ya kwanta, ya kasa ɗaukar kansa. Na zargi mai iri, har muka daina gaisawa, kuma bawan Allah nan ya rasu ban nemi gafararsa ba. Wannan ya fi asarar ci mini rai. Amma a yi mini adalci: zafin ƙarshen damina ba wasa ba ne, na ga rana ta ƙone renon maƙwabcina ƙurmus, kuma babu malamin gonar da ya taɓa tako gonata. Wa zai gaya mini? To, mahaifina ya gaya mini. Ya ce in rage cunkoson tsiron, na ce tsohon yayi ne.

Sai bayan shekaru na karanta dalili. Tumatur yana gane haske da wani furotin da ake kira faitokurom, kuma ƙwayoyin gado biyar ne ke samar da shi. Aikinsa auna jan haske da wani ja mai nisa da ke can ƙarshen abin da ido ke iya gani. Ɗanyen ganye yana shanye jan farko, ya bar na biyu ya wuce. Don haka tsiron da ke ƙarƙashin bishiya, ko wanda 'yan'uwansa suka matse, sai faitokurom ɗinsa ya lafa, wasu furotin masu sa kara tsawo da yake dannewa, da ake kira PIF, su samu sarari, sinadarin girma da ake kira oksin ya ƙaru, kara ya yi ta gudu sama neman rana. Abincin da ya kamata ya tafi saiwa da kauri, tsawo ya cinye shi. Tsiron nan da nake alfahari da shi, ashe neman tsira yake yi. Tun 1952 masana a Beltsville ta Amurka suka nuna yadda waɗannan jajayen biyu ke warware aikin juna a kan irin latas, ni ina nan ina zargin mai iri.

Na zo da niyyar jero muku shawarwari goma, amma yaran yanzu, wa zai karanta? Bidiyon minti ɗaya ma sai kun tsallake.

Ku fitar da reno daga gindin bishiya. Ku rage cunkoso ko da zuciya ba ta so, ku duba kaurin kara, ku manta da tsawo. Kada ku yi inuwa. Ko da yake, in rana ta yi tsanani ku yi, amma rumfar busasshiyar ciyawa sama-sama, ku riƙa janye ta kafin dashe. Ku ji maganar manya. Sai dai manyan ma da yawa har gobe yuriya suke zuba wa tsiron da haske yake nema, to ku tambaye su dalili.

Yaron ya saurare ni da kunne ɗaya, idonsa na kan waya. Ya ce zai duba. Jibi zan koma da sassafe mu tsige rabin bedin, ko yana so ko ba ya so.