Ƙafarka ce ke tsara hoto, ba tsadar waya ba

Yawancin hotunan da sababbin hannu ke turawa a WhatsApp daga Garwa ko Marwa ciwonsu ɗaya ne. Mutum ya tsaya tsakiya ƙiƙam, sama ta cinye rabin hoto, turken wutar lantarki ya tsiro daga kan hularsa, rabin babur kuma ya leƙo ta gefe. Ba Tecno ko Itel ɗin da ke hannunka ce ta dasa turken nan ba, wurin da ka tsaya ne.

Kafin ka danna, zagaya da idonka gefuna huɗu na allon, sannan ka dubi abin da ke bayan wanda kake ɗauka. Daƙiƙa uku sun isa. In ka ga abin da ba ka gayyata ba, yi taku ɗaya hagu ko dama, ko ka rage tsawo. A kasuwa, inda komai ke cakuɗe, nemi bango mai launi ɗaya ko tabarmar da aka rataye, ka sa mutumin ya matso gaba da ita kamar taku uku don kada inuwarsa ta manne masa.

Shiga saitin kamara ka kunna layukan raga. In wayarka da Faransanci take, Grille ake rubutawa. Layi biyu a tsaye, biyu a kwance, sun raba allon gida tara. Ɗora idon mutum a kan layin sama, jikinsa kuma a ɗaya daga cikin layukan tsaye, ka bar fili ta ɓangaren da yake kallo. In ka bar filin a ƙeyarsa, sai ya zama kamar wanda ya yi fushi zai fice daga hoton. Amfanin ragar na biyu ya ma fi na farko a wurina: daidaita layin da ƙasa ta haɗu da sama. A bakin Binuwai ko Shari, karkata kaɗan ta isa ta sa ruwan ya yi kamar zai tsiyaye ta gefe guda. Kada dai ka mai da ragar farilla. Ƙofar masallaci ko fuskar gini mai ado iri ɗaya hagu da dama, tsakiya ta fi dacewa da su.

Gilashin kamarar waya mai faɗin gani ne, shi ya sa yake kumbura abin da ya yi kusa da shi. Ka kai ta rabin mita daga fuska, hanci ya yi girma, kunnuwa su gudu baya. Tsaya mita ɗaya da rabi zuwa biyu, daga baya ka yanke abin da ya yi yawa. Faɗin ganin nan ne kuma ke faɗaɗa kan waɗanda suka faɗo can gefe a hoton taron biki ko suna, don haka bar tazara tsakanin na ƙarshe da bakin hoto. Zuƙowa da yatsu biyu a ƙananan wayoyi yanka ne kawai da buɗawa, hoton yakan dushe. Taka da ƙafa. Ka bar girman hoto a 4:3, domin 16:9 datse wani yanki take yi tun kafin ka zaɓa da kanka.

In za ka yanke jiki, kauce wa gaɓoɓi: gwiwa, idon sawu, wuyan hannu. Tsakiyar cinya ko ƙirji ya fi. Yaro kuwa durƙusa masa ake yi har kamara ta yi daidai da idonsa.

Haske ma cikin tsari yake, don ido na fara zuwa wurin da ya fi haske. Da tsakar rana farar babbar riga takan ƙone fat, aikin zaren ya ɓace, ramin ido ya yi baƙi. Sa'a ɗaya bayan fitowar rana da sa'a ɗaya kafin magariba su ne lokacin aiki. In dole ce ta sa da azahar, gudu zuwa inuwa, amma ba ta darbejiya mai ɗigo-ɗigon rana ba, wadda ke yi wa fuska dabbare-dabbare. Zaure ya fi: tsayar da mutum taku ɗaya daga cikin ƙofa yana fuskantar waje. Haske mai taushi zai sauka a fuskarsa, bayansa ya yi duhu, ƙofar kuma ta kewaye shi. Taɓa fuskar a allo, ka ja alamar rana ƙasa kaɗan har aikin rigar ya fito. In ɓari ɗaya ya yi duhu, wani ya riƙe farin kwali ko tiren shayi kusa da shi don ya mayar masa da haske.

Lokacin hunturu sama fara ce fat, ba abin kallo a cikinta, sai ka rage ta zuwa kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka. Goge gilashin da tsumma mai laushi kafin kowace ɗauka. Ƙura da maiƙon yatsa kan sa hoto ya yi hazo ko da gari ya washe. Duwatsun Rumsiki da ke arewacin Kamaru sukan fito ƙanana a waya in ba abin da za a gwada su da shi, saboda haka jira jaki ko mai tafiya ya shigo ta gaba.

Nemi izinin mutum kafin ka ɗaga waya, musamman mata da dattawa. Barikin soja, shingen jami'an tsaro, filin jirgi da gadoji kuwa, a Kamaru da Chadi duka, mai da wayar aljihu.

Don horo, zaɓi abu ɗaya, ko da butar alwala ce a tsakar gida, ka ɗauke ta sau goma ba tare da ka taɓa ta ba: a tsaye, a durƙushe, daga sama, rana a baya, rana a gefe. Jera su, ka goge takwas, ka faɗa wa kanka dalilin goge kowanne.