Oska na filasta da masu kyamarar da ba su dawo gida ba

Asabar

Tun makon jiya na gaya wa yaran ajin kyamara cewa yau ba wanda zai taɓa na'ura sai mun kalli aikin mutanen da suka riƙe ta a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Hanya mafi sauƙi da na samu ta zaɓo musu abin kallo ita ce in bi jerin finafinan da aka ba lambar yabo ta Oska a Amurka tsakanin 1940 da 1947. Da hantsi na buɗe shago na zauna ina kwashe su a filas. Wajen ƙarfe goma aka ɗauke wuta, na ja inji na ci gaba.

Mutum-mutumin da ake bayarwa shi ya fara tsayar da ni. Tsawonsa inci 13 da rabi, nauyinsa ya kusa kilo 4. A wancan zamanin da wani gamin ƙarfe ake zuba shi wanda mafi yawansa kuza ce, sannan a shafe shi da ruwan zinariya. Da yaƙi ya yi ƙamari, ƙarfe ya koma hannun masu ƙera makamai, sai aka yi shekara uku a jere, bikin 1943 da na 1944 da na 1945, ana miƙa wa gwanaye na filasta da aka yi wa fenti, da alkawarin in an gama yaƙi kowa ya dawo da nasa a musanya masa da na gaske. Bikin 1942 kuwa saura ƙiris a fasa shi, don Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka, ranar 7 ga Disamba 1941. Daga baya aka yi shi ranar 26 ga Fabrairu a otal ɗin Biltmore da ke Los Angeles, aka hana ado, aka kashe manyan fitilun da ake haska sama da su, jarumi James Stewart ya zo cikin kakin soja. A wannan bikin ne aka fara ware kyauta ta musamman ga fim ɗin gaskiya, wanda ba wasan kwaikwayo ba. Shekara na zagayowa aka ba guda huɗu a dare ɗaya: biyu na Amurka, ɗaya na Tarayyar Sobiyat, ɗaya na Ostareliya. Yaƙi ne ya buɗe wa irin aikinmu ƙofar wannan zaure, kuma a nan na yanke shawarar inda darasin zai tsaya. Manyan finafinan soyayya da jarumansu kowa na iya nemo su da kansa.

Bayan azahar yara suka cika benci. Na rataya farin ƙyalle a bango, na kunna majigi, na fara da na Ostareliyan nan, Kokoda Front Line, wanda bai kai minti goma ba. Damien Parer ne ya ɗauke shi a 1942 a duwatsun Niyu Gini, yana biye da sojojin ƙasarsu suna ja da baya a gaban Japan. Ba a ganin abokan gaba ko sau ɗaya. Abin da ake gani ruwan sama ne da taɓo mai kama ƙafa har ƙwauri, da fuskokin samari da suka rame, da mutanen ƙasar, baƙaƙe, suna ɗauke da raunanan Turawa a kan makara ta itace suna tsallaka rafi. Ɗakin ya yi tsit, har yaron da ya saba danna waya a ƙarƙashin benci ya ajiye ta.

Na maido hoton baya inda masu makarar ke gangarowa kan wani tudu mai santsi, na ce su bar kallon mai raunin su dubi inda kyamara take. Tana ƙasa, a gabansu, a daidai gwiwa. Ke nan mai ita ya riga su sauka, ya durƙusa cikin taɓon, ya jira su. Na bayyana musu irin na'urar da yawancin masu ɗaukar hoton sojan Amurka suka riƙe a lokacin, Eyemo, wadda ake wana ta da hannu. Nadin fim ɗinta ƙafa 100 ne, wato minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, daga nan sai ka nemi inuwa ka buɗe ta ka sa wani, ana harbi a kanka. Ba allon da za ka duba abin da ka ɗauka. Sai an kai fim ɗin an wanke shi, wani lokaci a wata nahiyar, kafin a san ko ya fita.

Wani daga cikinsu ya ce, "Malam, to shi Parer ɗin ya je ya karɓi kyautar?"

Bai je ba. Hannun Ken Hall, shugaban kamfanin da ya haɗa fim ɗin a Sidni, kyautar ta ƙare, kuma ita ce Oska ta farko da Ostareliya ta taɓa samu. Parer ya ci gaba da aikinsa har ranar 17 ga Satumba 1944, a tsibirin Peleliu, yana tafiya da baya da baya don ya samu fuskokin sojojin Amurka da ke dannowa, harsashi ya kashe shi. Shekararsa 32. Ya ba wa abokan gaba baya ne saboda ya san labarin yana kan fuskar mutum. Ni wannan nake so yaran nan su riƙe, don kullum faɗana da su ke nan: suna tsayawa nesa su jawo hoto da zum, suna jin kunyar matsawa kusa da mutum.

Na ƙara musu da darakta William Wyler. Daren da fim ɗinsa Mrs. Miniver ya kwashe kyauta shida a Maris 1943, shi yana Ingila yana shiga jiragen yaƙi da kyamara, matarsa ce ta karɓar masa tasa. Ɗaya daga cikin masu ɗaukar masa hoto, Harold Tannenbaum, an harbo jirgin da yake ciki a sararin Faransa a wannan shekarar, bai tsira ba. Wyler ya dawo gida kunnensa ya kusa mutuwa saboda ƙarar injin jirgi. Fim ɗin da ya fara yi bayan dawowarsa a kan sojojin da suka komo gida ne, ya kuma sa wani tsohon soja na gaske a ciki, Harold Russell, wanda nakiya ta cire wa hannu biyu a wurin atisaye a 1944. A bikin 1947 aka ba Russell Oska biyu a kan rawa ɗaya, abin da ba a sake yi wa kowa ba. A 1992 ya sayar da ɗaya a kan dala 60,500, ya ce don jinyar matarsa.

Gardama ta tashi ne a kan Desert Victory, na sojan Ingila, wanda ya ci kyautar fim ɗin gaskiya a bikin 2 ga Maris 1944. Labarin yaƙin Alamein ne a hamadar Masar, da yadda aka kori rundunar Rommel, kwamandan sojan Jamus. Kafin in kunna na gaya musu cewa da yawa daga jiragen da Ingila ta yi wannan yaƙin da su ta kanmu suka wuce: a kawo su cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gwalkwas, wato Ghana ta yau, a harhaɗa, su tashi ta Legas, su sauka Kano, su wuce Maiduguri da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, har Khartum da Alƙahira. Sannan na nuna musu wurin da aka fi yabo, daren da aka buɗe wuta, fuskokin sojoji a cikin duhu suna jiran umarni. Da ya wuce na ce musu wasu daga cikin waɗannan fuskokin ba a Masar aka ɗauke su ba, a ɗakin shirya fim na Pinewood ne a Ingila, domin kyamarar lokacin ba ta iya kama fuska a duhun hamada.

Wani mai ɗaukar bidiyon biki ya ce, "To Malam, ai mu ma haka muke yi. In ango bai shigo da kyau ba sai mu ce ya koma ya sake shigowa." Wata ɗaliba ta ce sam ba ɗaya ba ne, don kowa a wurin bikin ya ga an sake, amma uwar da ta je sinima a Landan tana neman fuskar ɗanta ba wanda ya gaya mata. Ina bayanta a wannan. Sake ɗaukar bai dame ni ba, rashin faɗa wa mai kallo shi ne laifin, kuma masu ba da kyautar ba su bambanta ba. Amma na hana su watsar da fim ɗin gaba ɗaya, domin sauran hotunan da jini aka same su: cikin masu kyamarar rundunar an kashe wasu, an ji wa wasu rauni, an kama wasu. Farfaganda ce, gwamnati ce ta biya, kuma duk da haka akwai gaskiyar da ba za ka samu a wani wuri ba sai a cikinta.

Wannan ɗalibar ce ta sake ɗaga hannu ta ce, "Malam, duk cikin waɗanda aka ba kyautar nan babu baƙar fata?" Akwai guda ɗaya, kuma da ma na ajiye ɗan guntun jawabinta. Hattie McDaniel, ranar 29 ga Fabrairu 1940, a otal ɗin Ambassador, ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Oska, a matsayin mataimakiyar jaruma a Gone with the Wind. A lokacin otal ɗin ba ya barin baƙaƙe su shiga, sai da mai fim ɗin ya roƙa, aka ba ta ɗan teburi a jikin bango, nesa da abokan aikinta. Wata biyu da rabi kafin nan ba ta samu halartar buɗe fim ɗin a Atlanta ba saboda dokar wariya. A hoton tana magana a tsanake har muryarta ta karye, ta kai hankici ido ta sauka. Fim ɗin kansa ban nuna shi ba kuma ba zan nuna ba, don yana ƙawata zamanin bauta. Ita kuwa aikinta ya ci a yaba. Ta rasu a 1952, maƙabartar Holiwud da ta nemi a binne ta a ciki ta ƙi karɓarta. Sai bayan shekara 51 da cin kyautarta wata baƙar mace ta sake cin kyautar wasa. Allon yabon da aka ba ta, don a lokacin mataimaka allo ake ba su, ya ɓata a Jami'ar Howard, sai a 2023 aka kai wa jami'ar madadinsa.

Kafin mu tashi na ba kowa aikin gida: minti ɗaya tak, ba gogewa, ba sakewa, ba zum, a ɗauko mutum yana aikinsa.

Bayan magariba na biya gidan Baffa da ledar lemo. Ya haura tamanin da biyar, ido ya yi rauni amma kai garau. Ya ce, "Ɗana, yau me aka koya wa yaran?" Na ba shi labarin filastar, da yadda kuza ta yi wuya bayan Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, ƙasar da a lokacin ta fi kowace fitar da ita. Sai ya gyara zama ya ce ai wannan wuyar a gidansu ta sauka. A yaƙin Hitila ne aka yi diban gwamna, daga 1942 zuwa 1944, aka riƙa raba wa kowane gari adadin mazan da zai bayar a kai su haƙar kuza a Jos. Wajen mutum 100,000 aka ɗiba daga lardunan Arewa. Wansa na cikin waɗanda mai gari ya nuna a ƙauyensu na ƙasar Zazzau, ana tsakiyar aikin gona. Baffa yana yaro amma yana tune da ranar da ya dawo: ƙafafu duk faso saboda tsayuwa cikin ruwan sanyi, da tarin da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Abin da ya fi ba su labari yunwa ce da sanyin Bukuru, da yadda mutane ke sulalewa da dare su kama hanyar gida a ƙafa.

Yana kuma tune da motar majigi da ta zo ƙofar gidan hakimi, tafinta na bayani da Hausa ta lasifika, ana nuna tankoki da jirage da Sarkin Ingila. Ya ce, "To su Yaya da suka haƙa kuzar, da waɗanda aka kai Bama, akwai nasu a cikin waɗanda aka ba kyautar?" Na ce Baffa babu. Runduna biyu ta Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, sun yi yaƙi a dazukan Bama, wato Myanmar ta yau, da yawansu da Hausa suke magana, har barikin Dodan da na Myohaung a Legas daga can suka samo suna, amma ba fim ɗaya a jerin nan da yake a kansu. Masu makarar Niyu Gini dai an gan su, ko da ba a faɗi sunan ko ɗayansu ba.

Na roƙe shi ya bar ni in kawo yaran Asabar mai zuwa su ɗauki wannan labarin daga bakinsa. Ya ɗan yi jim, sannan ya kafa sharuɗɗa: sai bayan la'asar, kada a haska masa fitila a ido, a kira maƙwabcinsa wanda mahaifinsa ya je Bama su zauna tare, kuma sunan wansa cikakke a rubuta shi a farkon fim ɗin kafin sunan kowa, har da nawa. Na ce an gama, Baffa.

Muryarsa ta yi ƙasa sosai, makirufon kan kyamara ba zai kama ta ba, ga hayaniyar masu adaidaita a layin. Gobe in Allah ya kai mu zan je aron ƙaramin da ake maƙalawa a wuyan riga, in kuma leƙa zauren da la'asar in ga ta inda haske ke shigowa.