Kwana huɗu da haihuwa

Laraba, bayan isha'i, a asibitin Jahun.

Tun asuba na lura jaririn ƙanwata bai farka neman nono ba. Na miƙa mata shi, ya ɗan lasa ya saki. Goggo ta ce, "Ku ƙyale shi, yaro ne mai haƙuri, haka ubansa ya yi." Na taɓa ƙafarsa na ji ta sanyi ƙalau, alhali zani biyu aka naɗe shi da su. Da na kwance cibiyar sai wari ya bugo ni. Gindinta ya yi ja, yana tsatsar ruwa. Kwana uku ana gasa ta da tsumma, jiya kuma aka shafa mata man goge baki wai ta yi saurin faɗuwa.

Goggo ba ta so mai jego ta fita kafin suna. Na durƙusa na ce, "Goggo, don Allah ki yi mana izini, ai suna sai da mai suna." Ta daɗe tana kallon yaron, sannan ta ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Ruwan jiya ya ɓata hanya, sai da hantsi babur ya kawo mu.

Nas ɗin ta sa agogo a gaba tana ƙirga numfashinsa, ta ce in ya wuce 60 a minti ɗaya akwai matsala, nasa kuwa ya wuce. Ta tambayi yaushe faya ta fashe. Daren Juma'a, haihuwa sai daren Asabar. Ta ce da zarar an haura awa 18 ƙwayoyin bakteriya na samun hanyar kaiwa ga jariri, ga kuma cibiya, ƙofa ce a buɗe zuwa jini. A kwana 28 na farko garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba, shi ya sa maimakon zazzaɓi wani jikinsa sanyi yake yi, ya yi lakwas. Wannan ce ta fi tsaya mini a rai. Mu a gida zafin jiki da kuka muke jira kafin mu ce yaro ba lafiya. Shirun da muke yabo ashe shi ne ciwon.

Ta nuna mana ɗan man kuloheksidin mai kashe ƙwayoyin cuta, ta ce shi kaɗai ake shafa wa cibiya, ba gashi, ba toka.

An sa masa allurar ampisilin da jentamaisin, magungunan kashe bakteriya, za a yi aƙalla kwana 7. Ke nan suna a nan zai same mu. Ƙanwata ta yi ta kuka wai laifinta ne. Na ce mata abin da muka taras ana yi ne muka yi.

Bayan magariba ya kama nono, ya ɗan ja kafin barci ya ɗauke shi. Goggo ta aiko da kunun kanwa a fulas, da saƙon a gaya mata ko ƙafar ta yi ɗumi.