Wata takwas muka ɓata wajen mai ɗori, ashe ƙashin ne babu

Ranar da na haihu ungozoma ce ta fara lura, hannun yarinyar na dama ya lanƙwashe ciki daga tsintsiyar hannu kamar kan sanda, babban yatsan kuma ɗan tsiro ne kawai yana reto. Surukata ta ce ai wajen jawo ta ne aka targaɗa ta, a kai wa mai ɗori. Ni ina jego, haihuwar fari, wa ya ba ni bakin musu da Hajiya?

Haka muka yi ta zarya, a shafa man shanu a ja hannun a ɗaure da kara, yarinya ta yi ta tsala ihu har muryarta ta dishe, in an kwance hannu ya koma yadda yake. Wata takwas fa! Wallahi har yau in na tuna sai in ji haushin kaina, don hoton ƙashi ɗaya tak ya isa ya raba gardama kuma kuɗinsa bai kai rabin abin da muka kashe a ɗori ba.

Da muka je asibitin ƙashi likita ya ɗaga hoton ya nuna mana, tsakanin gwiwar hannu da tsintsiya ƙasusuwa biyu ne, na ɓangaren babban yatsa shi suke kira radiyos, to nata babu shi sam, shi ya sa hannun ya rasa madogara ya faɗo gefe. Ba karaya ba ce ba targaɗe ba, tun cikin yana wata ɗaya zuwa biyu abin ya faru. Me mai ɗori zai ɗora a inda ba ƙashi?

Abin da ya fi tsorata ni shi ne likitan bai ma fara da hannun ba, sai ya tura mu hoton zuciya da sikanin ƙoda da gwajin jini, wai irin wannan halitta takan zo tare da matsalar zuciya ko ƙoda ko wata cutar jini da ake kira Fankoni. Sati biyu ban yi barcin kirki ba. Alhamdulillah duk suka fito lafiya, amma ku duba, wata takwas muna jan hannu ba wanda ya taɓa sauraron ƙirjinta.

Ya ce da tun satin farko aka kawo ta da an koya min miƙar da hannun a hankali kullum, a sa mata abin roba mai riƙe shi tun jijiyoyin suna da taushi. Namu sun riga sun ƙage, sai da aka yi ta sa siminti ana canzawa kafin tiyata, inda aka zaunar da hannun a kan ƙashin da ya rage aka soka siririn ƙarfe. Daga baya aka juya manuniyarta ta zama babban yatsa, wannan kam sai da Abbanta ya lallashe ni na yarda, ina ganin ya za a yi 'yata ta tashi da yatsu huɗu.

Yanzu tana shekara 3, da hannun take tsintar gyaɗa. Ya fi ɗayan gajarta kuma an faɗa mana zai iya sake karkata in tana girma, don haka robar dare ba fashi ko za ta yi birgima. Hajiya ce ma take ɗaura mata yanzu, maganar mai ɗori kuwa ba wanda ya sake tayar da ita a gidan, ni ce dai ban huce ba.