Ƙwayoyin anzim da gwiwata: nawa ne ke kaiwa cikin jini?

Ciwon gwiwa ne ya haɗa ni da waɗannan ƙwayoyi. Atamfa da shadda nake sayarwa a babbar kasuwar Garwa, kuma wanda ya san sana'ar ya san wuni ake yi ana tashi ana zama, a sauko da turmi daga sama a mayar. Da shekaru suka fara turawa sai gwiwar dama ta soma ƙara, in na yi sujada ba na miƙewa sai na dafa ƙasa. A lokacin ne ake ta tallar wata kwalba a zauren WhatsApp na 'yan kasuwarmu. Wai anzim ne, wato sinadarai irin masu narkar da abinci, masu shiga jini su bi jiki lungu-lungu, su cinye kumburi, su wanke jijiyoyi. Kuɗinta ya kusa na turmin atamfa mai kyau, amma mai ciwo ba ya jin tsada. Na saya.

Akwai ɗiyar ƙanwata da ke aiki a kantin magani, ita na kai wa kwalbar kafin in buɗe. Ta karanta bayanta: bromelin, papayin, tiripsin, kimotiripsin, serapeptas. Ta ce ba baƙin abubuwa ba ne. Bromelin daga karan abarba ake tatsarsa, papayin daga ƙaron ɗanyar gwanda, irin farin ruwan nan da ke fita in an tsaga ta. Shi ne ya sa matanmu ke naɗe tauraren nama da ganyen gwanda ya yi laushi. Tiripsin da kimotiripsin kuwa jikin kowa na yinsu, a wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Duk wanda ya taɓa gurɗewa ko aka cire masa haƙori a ƙasar nan, da wuya bai ga alfa-kimotiripsin a takardar likita ba.

Sai ta ce, "Kawu, ka san dai anzim furotin ne, kamar nama da ƙwai da wake? To mene ne aikin tumbinka in ban da narkar da furotin?"

Wannan tambayar ce ta fi komai amfani a gare ni. Tumbi cike yake da ruwa mai tsamin gaske, ga wani anzim nasa na kansa mai suna pepsin, da ke yayyanka duk furotin da ya shigo. Abin da ya kuɓuta ya gangara ƙaramin hanji, can ma wasu masu yankan na jira, har sai an mayar da shi gutsi-gutsi, 'yan mitsi-mitsin da bangon hanji ke iya tsotsa. Anzim kuwa in an yanka shi ya tashi daga aiki, ya zama abinci kawai. Ta ba ni misalin da ban manta ba: insulin na masu ciwon suga shi ma furotin ne, an gano shi tun 1921, kuma har yau allurarsa ake yi, don in an haɗiya ciki zai cinye shi. Da furotin na wucewa jini cikin sauƙi, da masu suga sun daɗe da hutawa da tsira wa kansu allura.

Masu haɗa ƙwayoyin sun san da haka, shi ya sa suke lulluɓe su da wani ɓawo mai jure tsamin tumbi, wanda ba ya narkewa sai a hanji inda tsamin ya ragu. Saboda haka ba a tauna su, ba a raba su biyu, ba a daka su a zuba a kunu. Kuma da cikin wofi ake sha, kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin cin abinci, ko awa biyu bayansa, da ruwa mai yawa. In an sha su a kan tuwo, anzim ɗin zai kama aikin narkar da naman miya ne, ya ƙare a nan. Ni da asuba nake shan nawa, da na idar da salla, in jinkirta karin kumallo sai na buɗe shago. Da azumi ya zo abin ya yi wuya, don tsakanin buɗa-baki da sahur cikin mutum ba ya zama wofi, sai na mayar da shi bayan asham.

To ko an bi duk wannan ƙa'ida, nawa ne ke tsallakawa? A 1997 aka buga wani bincike da aka yi a kan maza 19 masu lafiya, aka ba su giram 3 na bromelin kowace rana, aka riƙa ɗibar jininsu ana aunawa. An same shi a jinin, bai mutu ba, har yana da sauran kaifi. Mai tallar kwalba a nan yake tsayawa, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da ba ya ƙarasawa shi ne yawan da aka samu: 'yan maikurogiram ne, alhali maikurogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Giram 3 ɗin nan kuma ya ninka abin da ke cikin ƙwaya guda sau da yawa. Ɗan abin da ya shiga ma ba a barinsa ya yi yawo yadda ya ga dama. Jini na da nasa masu gadi, wasu furotin irin su alfa-2-makurogulobulin, da ke cafke duk anzim mai yanka su riƙe shi har a fitar da shi. Rahamar Allah ce wannan, don da abin da ke laushe nama zai sake a jijiyoyinmu, ai mu ne naman. Masu goyon bayan ƙwayoyin suna cewa ta wannan cafkewar ce ma maganin ke aiki, wai tana taimaka wa jiki kwashe sinadaran kumburi. Magana ce mai daɗin ji, amma tsakaninta da "wanke jijiya" akwai tafiya mai nisa.

Labarin serapeptas ya fi ba ni mamaki. Daga wata ƙwayar bakteriya aka samo shi, wadda aka gano a hanjin tsutsar siliki, kuma an shekara da shekaru likitoci na rubuta shi a Jafan. A 2011 kamfanin Takeda, mai yinsa da sunan Dasen, ya janye shi daga kasuwa da kansa, bayan gwaje-gwaje sun kasa nuna ya fi ƙwayar da ba magani a cikinta. Yau ga shi ana sayar mana a matsayin ƙarin abinci. Da yawan irin waɗannan kwalabe daga Amurka suke, inda dokar 1994 ta ba da damar fitar da kayan ƙarin abinci kasuwa ba sai an tabbatar wa hukuma suna warkar da wani abu ba.

Ni dai na sha tawa kwalbar har ta ƙare. Gwiwar ta ɗan yi sauƙi, ba zan ɓoye ba. Sai dai na fara ne a ƙarshen hunturu, kuma ko a shekarun baya, da zafin Maris ya shigo Garwa gwiwar kan lafa da kanta. Da na daina sha, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Da sanyi ya dawo, ciwon ya dawo. Likitan da ya duba hoton ya ce guringuntsi ne ya soma cinyewa, ya sa ni rage tumbi da motsa naman cinya, in zauna a kujera in miƙe ƙafa in riƙe. Wannan ba ko sisi, kuma shi ne na ga bambancinsa a sujada.

Akwai abubuwan da ban yi tsammani ba. Tun ranar farko ɗiyar ƙanwata ta tambaye ni ko ina shan asfirin ko wani maganin tsinka jini kamar warfarin, don bromelin da natokinas, wanda ake samu daga waken suya da Jafanawa ke ruɓarwa, suna rage daskarewar jini. Wanda za a yi wa tiyata ana so ya daina tun da wuri ya kuma gaya wa likita. Ni na ƙara da wanzami: mai zuwa a yi masa ƙaho ya faɗa masa. Mai juna biyu da mai gyambon ciki su ma ba nasu ba ne sai da izinin likita, haka wanda abarba ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburin baki.

Sai batun halal, wanda babu mai tallar da ya taɓa ambata mini. Tiripsin da pankiriyatin (haɗin anzim ɗin fankiriyas) da ke cikin irin waɗannan ƙwayoyi galibi daga fankiriyas ɗin alade ake ciro su, kimotiripsin kuwa yawanci daga na saniya. A duba takarda, in an ga "porc" ko "porcine" an san inda aka dosa. Inda likita ya rubuta pankiriyatin ga wanda jikinsa ya kasa yin nasa anzim, wannan larura ce, kuma a nan amfaninsa tabbatacce ne: tare da abinci ake shansa, a cikin hanji yake aikinsa, ba ya buƙatar shiga jini ko kaɗan. Ciwon gwiwata bai kai larura irin wannan ba, shi ya sa da na ga kalmar a bayan wata kwalba ta biyu da aka kawo mini shago, na mayar wa mai ita.

Kwalbar nan ma a jakar bayan babur aka zo da ita, da tsakar rana. Furotin ba ya shiri da zafi, galibin takardun na cewa a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Abokan kasuwa da suka san na gwada sukan tambaye ni ko su saya. Nakan ce in sun nace, su saya a kantin magani mai sanyi, su nemi na abarba ko gwanda zalla, su kai wa likita sunayen sauran magungunan da suke sha, kuma su fara nuna masa gwiwar tukuna.