Laraba: an kira ƙanwata ta nuna ɓarawo

Da safe aka bugo waya daga ofishin 'yan sanda, wai an kama wani, ƙanwata ta zo ta duba ko shi ne ya ƙwace mata jaka. Na raka ta. Tun a hanya hannunta ke rawa.

Abin da take iya kwatantawa dalla-dalla wuƙar ce: baƙar ƙota an naɗe ta da roba, bakin ya ɗan karye. Fuska kuwa, cewa ta yi, "Yaya, wallahi dishi-dishi nake ganinta." Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da haka. Da zarar an zaro makami, ido kan maƙale a kansa, fuskar mai riƙe da shi ta kuɓuce.

Mutum ɗaya tak aka fito da shi, da ankwa a hannu. Jami'in ya ce, "Malama, duba da kyau, ai shi ne ko?" Gabana ya faɗi. Ban ga mugun nufi a tare da shi ba, so yake ya taimaka. Amma ƙa'idar da masana ke bayarwa ita ce a jera mutane masu kama da juna, wanda ke gabatar da su bai san wanda ake zargi ba, a kuma shaida wa mai shaida cewa mai laifin yana iya zama ba ya ciki.

Ronald Cotton ne ya faɗo mini a rai. A 1984, a jihar North Carolina ta Amurka, aka yi wa Jennifer Thompson fyaɗe, ta dage ta haddace fuskar mutumin don ta kai shi ƙara. Ta nuna hoton Cotton, ta sake nuna shi a jeri, aka ce mata ai wanda ta zaɓa a hoto ne. Kafin a shiga kotu shakka ta gushe. A 1987 aka kawo ainihin mai laifin, Bobby Poole, gabanta, ba ta gane shi ba. Sai a 1995 gwajin DNA ya wanke Cotton, bayan ya shafe sama da shekara goma a kurkuku. Ba ƙarya ta yi ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Wasu masu bincike biyu, Wells da Bradfield, sun gwada hakan a 1998: shaidun da aka ce musu sun dace, alhali mai laifin ba ya cikin hotunan, sai ga shi suna cewa sun ga fuskarsa sarai tun farko.

Ƙanwata ta daɗe tana kallon mutumin, sannan ta ce, "Yallaɓai, tsayin ya yi kama, amma ban tabbata ba." Na roƙa a rubuta maganar yadda ta faɗe ta. Jami'in ya ɗan yi ƙorafi, amma ya rubuta.

A hanyar dawowa kuka ta yi ta yi, gani take ta saki ɓarawo. Bayan isha'i ta zo ta ce yanzu in ta tuna wuƙar, fuskar mutumin nan na yau take gani a bayanta. Na ce idan aka sake kiranta ta faɗa musu wannan ma, ta kuma tuna musu cewa a ofishinsu ta fara ganinsa da kyau, da ankwa a hannu.