Abin da ƙirgar shaho a bakin teku ta koya mini

Ni ɗan Damagaram ne, ban taɓa ganin teku ba sai da aikin sa-kai ya kai ni Batumi, a ƙasar Jojiya, bakin Bahar Aswad. Tun 2008 ake ƙirga tsuntsaye masu farauta a can, daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba, kuma a kaka guda sama da miliyan ɗaya ke wucewa, yawancinsu a hanyarsu ta ƙaura zuwa Afirka. Dalilin taruwarsu shi ne iska. Manyan shaho da mikiya ba sa son yawan kaɗa fiffike, iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa suke hawa. A saman teku ba ta tashi sosai, ga duwatsun Kokasas a ɗaya gefen, sai dukansu su matso cikin 'yar siririyar hanya.

An ajiye ni a tudun Sakhalvasho, aka miƙo mini madubin hangen nesa da 'yar na'urar dannawa, irin wadda dattawanmu ke zikiri da ita. Wajen hantsi sai ga shahon nan mai tonon gidan rina, ɗaruruwa, suna juyi sama kamar guguwa. Zumuɗi ya kwashe ni, na yi ta danna. Matar da ke jagorantarmu ta ce in share duka. Wanda ke juyi, in ji ta, sau uku za ka ƙirga shi. Jira za ka yi har su kai ƙololuwa su miƙe a jere, sannan ka ɗauke su goma-goma. Akwai masu ƙirga a wani tudun kuma, Shuamta, da muke magana da su ta oba-oba don kada garke ɗaya ya shiga lissafi sau biyu.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne rubuta "ban gane ba". Tsuntsu ya wuce can nesa cikin hazo, zuciya na ce maka wane ne, kana jin kunyar a ce ba ka sani ba. Amma akwai gurbin da aka ware wa wanda ba a tantance ba, kuma manyan gwanaye sun fi kowa cika shi. Haka ranar ruwa: a wuni a jiƙe, babu ko ɗaya, a rubuta sifili da sa'o'in da aka tsaya. Wannan sifilin ma ilimi ne.

Cikin masu wucewa akwai wani siririn shaho mai launin toka wanda ke cin rani a Sahel, yana shawagi ƙasa-ƙasa yana kama fara. Ashe baƙonmu ne, na sha ganinsa a gonakin Mirriya ban taɓa tambayar daga ina yake ba.

Da na dawo sai na je mahauta. Muna yara ungulu cika wurin suke yi. Na tambayi wani tsohon mahauci: "Baba, da can sun kai nawa?" Ya ce, "Ɗana, wa ke ƙirga ungulu? Da dai akwai su." Maganar ta tsaya mini a rai, don ba mu da adadin da za mu nuna wa kowa abin da muka rasa.

Yanzu kowace Asabar da hantsi ina hawa duwatsun Birni da littafina, ni da ɗalibai biyu. Makon jiya mun rubuta shirwa bakwai, ɗaya ba mu gane ba, ungulu sifili.